Ninki 100 a takarda, 24 a kan allo: yadda 741 ya gaza a kilohaz 40

Na'urar da aka ajiye a gabana ta auna ruwa ce a cikin tanki, ba tare da ta taɓa ruwan ba. Ana manna ta a murfi, ta harba sauti mai firikwansi kilohaz 40, wato igiya 40,000 a sakan ɗaya, wanda kunnen mutum ba ya ji, ta jira amsa-kuwwarsa ta dawo daga saman ruwa, ta lissafa tazara daga lokacin da tafiyar ta ci. Sauti na gudun kusan mita 343 a sakan ɗaya idan zafin iska digiri 20 ne, saboda haka in ruwa ya yi ƙasa da mita 4, zuwa da dawowa na cin milisakan 23 da 'yan kai. An tsara ta ta yi aiki daga santimita 30 har mita 4. A aikace kuwa, da zarar ruwa ya sauka ƙasa da mita ɗaya da rabi sai lambobi su fara tsalle, can kuma ta ce ba ta ji komai ba.

Matashin da ya haɗa sakit ɗin ba malalaci ba ne, kuma wannan ne ya sa lamarin ya tsaya mini a rai. Ya riga ya sauya sansar da ke karɓar sauti har sau biyu. Ya sake liƙa duk ƙafafu da dalma. Ya kuma gwada amfilifayar, wato sashen da ke ninka ƙarfin siginar amsa-kuwwa, da kansa, ya rubuta sakamakon a littafinsa.

"Malam, ku duba nan," in ji shi. "Na sa milibolt 10, na samu bolt 1 cif. Ninkin yana nan. Ni dai ina zargin sansar ce."

Na duba zanen. Opamf guda ɗaya, wato ɗan aisi (guntun lantarki) mai ninka sigina, mai lamba 741, an haɗa shi yadda ba ya juya sigina, da razista mai kilo'om 100 daga mafita zuwa ƙafar ragewa, da wata mai kilo'om 1 daga nan zuwa ƙasa. Lissafin da kowa ya haddace: ɗaya a tara da 100 bisa 1, ninki 101. Babu kuskure ko ɗaya a ciki. Na tambaye shi a wane firikwansi ya yi gwajin. Ya ce a kilohaz 1, inda ya tarar da janaretan sigina a saite.

Auna abin da ba a auna ba

Muka mayar da janaretan, muka bar shi a milibolt 10, muka riƙa murɗa firikwansi a hankali muna kallon osiloskof, na'urar da ke zana igiyar sigina a kan gilashi. A kilohaz 1, bolt 1 kamar yadda ya rubuta. A kilohaz 5 igiyar ta ɗan rusuna zuwa 0.9. A kilohaz 10 ta koma 0.71. A kilohaz 20 ta kai 0.45. Da muka isa kilohaz 40, inda na'urar ke yin dukkan aikinta, abin da ya rage a kan gilashin bai wuce bolt 0.24 ba, kuma igiyar mafita ta ja baya ga ta shiga da kusan digiri 76. Ya kai hannu ya girgiza wayar osiloskof ɗin, yana zaton ita ce ta saki. Ba ta saki ba.

Ninki 24 ke nan a wurin da aka yi lissafin 101. Amsa-kuwwar da ke dawowa daga nesa dama ba ta da ƙarfi, ga shi kuma an hana ta kashi uku cikin huɗu na ƙarin da aka yi mata alkawari.

Kafin in yi magana ya riga ya ɗauko wata razistar, mai kilo'om 470, ya ce bari a ƙara ninkin kawai. Na bar shi ya sa, domin babu bayanin da ya kai gani da ido. A takarda ninkin ya zama 471. A kilohaz 40 ya tashi daga 24 zuwa 25, shi ke nan. Abin da ya ƙaru da gaske shi ne gurnanin wutar lantarki mai haz 50 da wayar sansar ke kwasowa, da kuma 'yar karkatar da ke tsakanin ƙafafun shiga na 741, wadda kan kai milibolt ɗaya ko biyu, yanzu an ninka ta sau 471 ta ɗaga mafitar gaba ɗaya daga sifili. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Wannan lamba 25 ita ce bakin zaren. Ba daga razista ta fito ba. Iyakar abin da aisin yake da shi ke nan a wannan firikwansi, ko da an cire razistocin duka.

Opamf yana da ɗanyen ninki, wato wanda yake bayarwa in ba a mayar masa da komai daga mafita ba. A 741 wannan ninki kan kai wajen 200,000, amma a sigina mai tafiyar hawainiya kaɗai. Tun daga kusan haz 5 yake fara zubewa, kuma yana zubewa da ƙa'ida: duk lokacin da firikwansi ya ninka sau goma, ninkin ya ragu sau goma, abin da ake kira desibel 20 a kowane ninki goma. A haz 100 saura 10,000. A kilohaz 1 saura 1,000. A kilohaz 10 saura 100. A megahaz 1 ya koma ɗaya, ba ƙari ba ragi. Ka ɗauki kowane layi ka ninka firikwansi da ninki, za ka samu miliyan ɗaya. Wannan ita ce lambar da takardar bayanan aisin ke bayarwa a matsayin ninki sau faɗin zango, wato iyakar firikwansin da ninkin ke kaiwa: megahaz 1. Raba miliyan ɗaya da 40,000, ka ga 25 ɗinmu.

Lissafin razistoci da muka haddace yana da sharaɗin da ba a cika faɗa ba. Tun da Harold Black ya fito da dabarar mayar da sashen mafita baya don ragewa, a 1927, cinikin iri ɗaya ne: kana da ninki mai yawa amma marar tabbas, ka sadaukar da mafi yawansa, ka karɓi kaɗan mai tabbas wanda razistoci suka yanke. Abin da aka sadaukar shi nake kira rara, wato ɗanyen ninki a raba da ninkin da aka nema. Rarar nan ce ke riƙe ninki daidai, ita ke gyara murguɗewar igiya, ita ke sa mafita ta tsaya da ƙafarta in an ɗora mata kaya. A sakit ɗinmu rarar ta kai kusan 100 a haz 100, ta koma 10 a kilohaz 1, ta ƙare ƙarƙaf a kusa da kilohaz 10. Nan ne ninki ya faɗi zuwa kashi 71 cikin ɗari, wurin da ake kira ragin desibel 3, kuma shi ne bakin zangon amfilifayar. Daga nan zuwa sama razistoci ba su da ta cewa.

Akwai abin da ya sa gwajin kilohaz 1 ya yi kyau har ya rufe masa ido, kuma ina ganin ya cancanci a tsaya a kansa. Mutum zai zaci rara 10 za ta jawo kuskuren kashi goma cikin ɗari. Ba ta jawo ba, kuskuren bai kai kashi ɗaya ba. Dalili shi ne ɗanyen ninkin yana tafe da jinkirin digiri 90, saboda haka raunin ba ya ragewa kai tsaye, ta gefe yake shigowa, kamar gajeren gefen alwatika da ba ya ƙara wa dogon gefe tsawo sai kaɗan. Amfilifaya tana iya kasancewa a bakin rami, awo kuma ya nuna lafiya lau.

Mun kuma ga wata alamar da ta tabbatar da haka. Allon sakit uku ya haɗa, razistoci iri ɗaya. A kilohaz 1 duk ukun sun yi kunnen doki. A kilohaz 40 kowanne da nasa: ɗaya ya ɗan fi 24, ɗaya ya gaza. Megahaz 1 ɗin nan matsakaici ne, yana bambanta daga aisi zuwa aisi, yana kuma motsi da zafi. Ga na'urar awo wannan ya fi raunin kansa muni. Sakit ɗin na gaba yana jiran sigina ta tsallake wani mataki kafin ya tsayar da agogo, kuma amsa-kuwwa ba ta zuwa da cikakken ƙarfi lokaci ɗaya, tana kumbura ne a cikin igiyoyi da yawa. In ninki ya ragu, sai ta tsallake matakin a makare da igiya ɗaya ko biyu. Kowace igiya maikurosakan 25 ce, kuma tana daidai da kuskuren fiye da milimita 4 a awon.

Me ya sa masu ƙira za su zubar da ninki haka da gangan? Matashin ya yi wannan tambayar, kuma tambaya ce mai kyau. Opamf na farko da ya yi kasuwa sosai, 709 na Bob Widlar da kamfanin Fairchild ya fitar a 1965, sai mai amfani ya liƙa masa kafasitoci da razista daga waje, in ba haka ba ya kama kaɗawa da kansa. A 1968 David Fullagar, shi ma a Fairchild, ya saka kafasita mai fikofarad 30 a cikin aisin, aka samu 741. Kowane mataki na taransistoci a ciki yana ƙara jinkiri yayin da firikwansi ke hawa. In jinkirin ya kai digiri 180 alhali rara ba ta ƙare ba, abin da aka mayar don ragewa ya juye ya zama ƙari, amfilifaya ta zama janareta. 'Yar kafasitar nan tana jan ninki ƙasa tun da wuri, yadda zai riga ya koma ɗaya kafin sauran jinkirin ya taru. An sayar da zango, an sayi kwanciyar hankali. Ni ban ga laifin cinikin ba, shi ya sa har yau ana ƙera 741, fiye da shekara hamsin. Laifin na wanda ya manta an yi cinikin ne, kuma ni ma da na koya wa wannan matashi lissafin razistoci ban haɗa masa da sharaɗinsa ba, ina da kaso a ciki.

Gyara na farko, da abin da ya tono

Mafi sauƙi shi ne a raba aikin biyu. Muka sa 741 guda biyu a jere, kowanne da kilo'om 9.1 da kilo'om 1, ninki 10 da ɗigo ɗaya. Yanzu kowane mataki zangonsa ya kai kusan kilohaz 99. A kilohaz 40 kowanne ya ba da kusan 9.4, haɗe 88. Daga 24 zuwa 88 da aisi iri ɗaya, ba ƙaramin ci gaba ba ne. Sai dai zangon su biyun a haɗe bai kai 99 ba, domin kowanne yana yanke nasa: matakai biyu iri ɗaya suna barin kashi 64 cikin ɗari, wato wajen kilohaz 64. Da mun haɗa su ta yadda suke juya sigina ma da mun ɗan ƙara asara, domin mai ninki 10 na juyawa zangonsa na mai ninki 11 ne.

Na'urar ta fara jin mita 3. Amma sai matsala ta ɓulla ta inda da babu, wato idan tanki ya kusa cika.

A osiloskof abin ya fito ƙarara. In amsa-kuwwa ƙarama ce, igiyar tana da lanƙwasa mai santsi. Muna ƙara sigina, tana wuce bolt 2 daga tsakiya zuwa ƙoli, sai gefunanta suka fara miƙewa. Muka ƙara, ta zama haƙoran zarto masu tsini, kuma ta ƙi wuce bolt 3 da kaɗan duk da cewa wutar da muke ba aisin bolt 9 ce sama da ƙasa. Wannan ba zango ba ne, wata iyaka ce daban: saurin hawa. Kafasitar nan mai fikofarad 30 sai an cika ta an juye ta kafin mafita ta motsa, kuma wutar da matakin farko ke iya tura mata ba ta wuce maikuro'amfiya 15 zuwa 20 ba. Sakamakon shi ne mafitar 741 ba ta iya hawa fiye da kusan rabin bolt a maikurosakan ɗaya. Igiya mai santsi tana buƙatar saurin da ya kai 6.28 sau firikwansi sau tsayinta. A kilohaz 40, rabin bolt a maikurosakan yana ƙarewa a tsayin bolt 2. Rubu'in igiya kuma maikurosakan 6.25 ne, shi ya sa haƙoran zarton suka tsaya a kusa da 3.1.

In da na'urar tana neman kawai ko akwai amsa ko babu, da wannan bai dame mu ba. Amma manhajarta tana zaɓar amsa-kuwwa mafi ƙarfi ne a matsayin ta ruwa, don ta bambanta ta da wadda ke dawowa daga bangon tanki da bututun da ke ciki. Da duk manyan amsoshi suka daddaƙe a tsayi ɗaya, ba ta san wa za ta zaɓa ba.

Nan muka sallami 741. Muka ɗauko TL072, mai opamf biyu a jiki ɗaya, megahaz 3, saurin hawa kusan bolt 13 a maikurosakan. Da guda ɗaya muka ɗora wa ninki 100, da zangonsa ya tsaya a kilohaz 30, a kilohaz 40 mu samu 60 kawai, saboda haka sauya aisi shi kaɗai ba zai wadatar ba. A matakai biyu kowanne zangonsa ya kusa kilohaz 300, asarar da ke kilohaz 40 ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari a mataki ba. Ana iya yin aikin da aisi ɗaya irin OP37, mai megahaz 63, wanda aka rage wa birkin kafasitar ciki kuma ba ya zama lafiya sai ninki ya kai 5. Ban zaɓe shi ba, domin mai gudu irin wannan yana son shimfiɗar allo mai tsafta, kuma ba ma buƙatar zangon da ya kai kilohaz 600 don sauraron sauti guda.

Zango mai yawa ma ƙofa ce ga hayaniya, don haka muka rufe ɓangaren da ba ma so. Muka jera kafasita mai nanofarad 22 da kowace razista mai kilo'om 1. Ƙasa da kilohaz 7 ninki yana sauka, a haz 50 kuma kowane mataki ninkinsa ɗaya ne. Gurnanin wuta da karkatar ƙafafun shiga duk suka daina samun mai ɗaga su.

Kebul ɗin

Na ɗauka mun gama. Bayan kwana biyu ya dawo da allon.

"Malam, a kan tebur lafiya ƙalau. Ina haɗa dogon kebul sai layin ya yi kauri."

Amfilifayar tana murfin tanki, allon lissafi kuma yana nesa da mita 5, kebul mai rufin ƙarfe ya haɗa su. Don ya taimaka wa siginar, ya ƙara opamf na uku a ƙarshe, mai ninki ɗaya, mafita a haɗe kai tsaye da ƙafar ragewa. Tunaninsa shi ne wanda ba ya ninka komai ba zai kawo fitina ba. Muka buɗe lokacin osiloskof ɗin, kaurin ya warware ya zama 'yar igiya mai sauri ƙwarai, sama da megahaz ɗaya, tana haye a kan siginar ko an harba sauti ko ba a harba ba.

Mai ninki ɗaya shi ne mafi haɗari, domin shi ke mayar da mafita duka baya, rararsa ba ta ƙarewa sai can wajen megahaz 3, inda aisin ya riga ya tara jinkiri mai yawa. Irin wannan kebul kuma kafasita ne a kwance, kusan fikofarad 100 a kowace mita, namu 500 ke nan. Mafitar opamf tana da nata turjiya a ciki. In aka ƙaddara om 200 ce, ita da fikofarad 500 suna kafa wani sabon lanƙwasa a kusa da megahaz 1.6, wanda ke ƙara jinkirin digiri masu yawa daidai inda ba a da wurin sa su. Ratar da ta rage kafin digiri 180, wadda ake so ta kai 45 ko 60, ta narke. Zanen da Hendrik Bode ya koya wa injiniyoyi a Bell Labs tun ƙarshen shekarun 1930, ninki a sama jinkiri a ƙasa, yana nuna wannan cikin minti biyar da fensir. Muka zana shi tare a bayan takardarsa, ya ga da kansa cewa mataki mai ninki 10, wanda rararsa ke ƙarewa tun a kilohaz 300, wannan kebul ɗin bai fi ya ci masa digiri goma sha ɗaya ba.

Muka cire na ukun. Muka sa razista mai om 100 tsakanin mafitar mataki na biyu da kebul, a waje da zoben mayarwa, yadda aisin ba ya ganin kafasitar kai tsaye. Ita da kebul ɗin ba sa fara yanke sigina sai sama da megahaz 3, nesa da kilohaz 40. Layin ya koma siriri.

Awon ƙarshe mun yi shi a kilohaz 40, da kebul a haɗe, da ƙaramar sigina da babba. Allunan uku duk sun ba da ninki kusa da 100, bambancinsu bai wuce na razistocin ba, igiyar kuma ta riƙe santsinta har bolt 6. Na sa shi ya tura igiya mai murabba'i ta milibolt kaɗan ya duba gefunanta, ba mu ga wata kaɗawa a bayan hawan ba. A tanki na'urar ta bi ruwa daga santimita 30 har ƙasan mita 4. A littafinsa, gefen tsohon layin da ya rubuta "ninki 100", ya ja sabon jadawali mai ginshiƙi uku, firikwansi da ninki da jinkiri, ya cike shi daga haz 50 har megahaz 1.